Shekarar da Waƙar 'Yan Suwidin Ta Shigo Warshar Am Bakur

Ran nan ina zaune a dukkanku, wato shagonku na gyaran waya, a nan Uhudu, ina shan shayin da Anas ya cika wa sukari kamar da gayya, sai wayar wani kwastoma ta yi ƙara a kan tebur. Wata busa ce ta tashi, ta Turawa, tana hawa sama tana saukowa. Kun dai ga yadda na zabura har shayin ya zube mini a riga. Faisal ya yi ta dariya, ya ce da Larabci, don shi Hausa ji kawai yake ba ya mayarwa, "Ya Ammi Ilu, har kai ka san wannan?" Na ce na san ta tun ubanka bai fara gemu ba. Sai ya ƙara da cewa ai mu aikinmu na da wasa ne, kaset ne da biro, a zura a murɗa, shi ke nan an gyara. To ku kife wayoyin nan ku ba ni kunne. Waƙar da kuka ji ita ce dalilin da ya sa na tsufa a Madina maimakon Tasawa, kuma ba biro ne ya yi aikin ba.

Na zo garin nan ina saurayi da takardar lebura, hannuna bai san komai ba sai fartanya. Kafilina, wato uban gidan da ya tsaya mini a takarda, shi ne Am Bakur, ɗan ƙasa, wanda kakansa ya taho hajji da ƙafa daga ƙasar Katsina, ya ga Madina ya ƙi komawa. Yana da warsha, wato shagon gyara, a wani lungu kusa da Masallacin Annabi, ana gyaran rediyo da rikoda, ta gida da ta mota. Gajere ne, gemu fari tas, Hausarsa irin ta tsofaffi wadda ko a Katsina an daina jin ta, ga Larabci yana yayyafa mata yadda ya ga dama. Abin da ya fara damƙa mini shi ne auduga da kwalbar sibirto, ruwan goge datti, ya nuna mini kai, wato ɗan ƙarfen nan mai sheƙi da zaren kaset yake gogawa ya wuce, shi ke karanta abin da ke kan zaren. Na daɗe ba na komai sai goge kai, da canza bel, da hura ƙura. In na yi gunaguni sai ya ce, "Shuwayya shuwayya, ya waladi, rikoda ba ta son mai sauri."

Aikin da na fara yi ni kaɗai kaset ne na wata tsohuwa 'yar Sakkwato mai tuyar ƙosai a unguwar. Ɗanta ya aiko mata da muryarsa daga gida, rikoda ta tauna zaren ta dunƙule shi. Za ka kwance sukurorin kaset ɗin, ka ɗaga murfin a hankali, don in zaren ya zube gaba ɗaya ka wuni kana naɗi. Inda ya yamutse ka shimfiɗa shi a kan gilashi ka goge da bayan cokali mai ɗumi, ba mai zafi ba. Inda ya tsinke ka yanka a karkace da reza, ka haɗa baki da baki, ka manna ta baya da salatif siriri. In ka manna ta gaba ka toshe maganar mutum. Tsohuwar nan ta zauna a bakin ƙofa tana mini addu'a tana kuma mini faɗan na daɗe, duk a numfashi ɗaya. Da muryar ɗan ta fito, kalma guda ce ta ɓace, daidai inda yake cewa a gaida wance. Ta ce babu komai, ta san wadda yake nufi, kuma dama ba za ta gaishe ta ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai kawiya ta narka dalma, da reza, da ƙaramin goga, da gwangwanin alewa cike da bel iri-iri. Sai abu biyu da ba a taɓa wa Am Bakur. Na farko ɗan sukundireba ne na tagulla, siriri, yana zaune a aljihun ƙirjinsa kusa da asuwaki. Na biyu kwalbar jan farce, wadda matarsa ke sayo masa, don ya ce shi da gemunsa ba zai tsaya a kantin mata yana zaɓen launi ba. Gefen kai akwai wani sukuru kamar ƙwayar gero. Shi ke tsayar da kai daidai da zare. In ya karkace ko da kaurin gashi ne, sauti zai fito amma a dushe, kamar mai magana a cikin bargo. Am Bakur zai rufe ido, ya murɗa, ya saurara, ya sake murɗawa, in ya samu wurin sai ya ɗiga jan farce a kan sukurun don kada ya motsa. Wannan ɗigon shi ne sa hannunsa. Duk rikodar da aka buɗe a Madina aka ga jan ɗigo, an san daga inda ta fito. Ni kuwa ban taɓa murɗa sukurun nan ba, ko da wasa. Yakan ce wanda bai murɗa sukurun kai ba lebura ne, ko da ya shekara nawa a warsha.

Yana da dokoki biyu. Ba a gwada rikoda mara lafiya da karatun Alƙur'ani, don kada ta ja muryar mai karatu ko ta tauna ayar Allah. Ba a kuma sa kiɗa a cikin haramin Madina, ko na minti ɗaya ne. To da me za a gwada? Ya yi wa kansa kaset na gwaji. A ciki akwai ƙarar mukullai yana kaɗa su, da cokali yana dukan kofin shayi, da man tuya yana tafasa a kicin ɗin matarsa, sai muryarsa yana jan haruffan sin da shin da sad. In mukullan suka fito da kaifi, kuma ka ji man nan har yawu ya taru maka, to kai ya zauna. Maƙwabta sun sha leƙowa su tambaya me ake soyawa.

Sai ga shekarar wahala. Aka zo faɗaɗa Masallaci, lungunmu yana cikin waɗanda aka rushe, muka kwashe gwangwanayenmu muka koma wani ɗan shago a Al-Sih, bayan wani gini, inda ko mai neman mu da gaske sai ya yi tambaya. Alhazan da suka saba shigowa da manyan rikodoji kafin su koma gida ba su san inda muke ba. Mukan wuni ƙuda ne kawai ke shigowa. Ni na goge kan rikodar gwaji har ya kusa ƙarewa don rashin abin yi. Wata rana bayan azahar Am Bakur ya ce, "Ya Ilu, iƙamarka za ta ƙare bayan hajji. Warsha dahin ba ta ciyar da baki biyu. In shugul bai dawo ba, zan yi maka huruj, ka koma wa iyayenka da mutunci." Iƙama ita ce takardar zama, dahin yanzu, shugul aiki, huruj kuwa takardar fita da ba dawowa. Ni kuwa ban koyi rabin abin da na zo koyo ba, kuma ina son garin nan kamar raina.

Ana cikin haka waƙar ta sauka. Wanda ya shigo da ita Sale Dogo ne, direban haya ɗan Gusau da ke bin hanyar Badar zuwa Yanbu'u da wata zungureriyar mota. Ba wanda ya naɗa shi shugaban direbobin Hausawa, ƙarfin murya ne ya ba shi. A Yanbu'u yana da aboki kuku ɗan Agadas da ke dafa wa wani injiniya Bature ɗan Suwidin. Baturen ya dawo daga hutu da sabon faifai da aka saki a ƙasarsu, waƙa guda ta wasu samari masu jita da ganguna, wadda aka ce duk Turai ta ruɗe a kanta. Kukun ya ji ta sau da yawa yana yanka albasa, har ta shige shi. Ya naɗe ta a kaset da rikodar maigidan, ya ba Sale. Daga wannan kaset ɗaya duk na Madina suka fito, wannan ya kwafa wa wancan, wancan ya kwafa wa surukinsa.

Ku da kuka taso waƙa tana zuwa muku dubu a rana ba za ku gane haukan da aka yi ba. Ba wanda ya san abin da ake faɗa a ciki, amma kowa da fassararsa. Sale ya rantse waƙar ƙwallo ce. Wani ya ce ta biki ce. Wani direba ɗan Maraɗi ya ce kuka mawaƙin yake yi saboda sanyi, don an ce masa a ƙasarsu rana ba ta fitowa sai ta ga dama. Da hoton mawaƙan ya ɓullo, wanda aka yago daga wata mujalla, sai da aka yi mako ana gardamar maza ne ko mata, saboda gashi har kafaɗa. Mai gasa burodin tamis na unguwarmu, Ba'afgane mai gemu har ciki, na kama shi yana fitar da busar da fito, da ya tuna inda yake sai ya rufe baki ya yi istigfari.

Direbobin nan suna da ladabinsu, ba wanda ya koya musu. A cikin gari karatu ne a rikoda. Da an wuce allon iyakar harami a hanyar Badar, sai hannu ya kai, a zare karatu a sumbace shi a ajiye a kan gaban mota, a zura Suwidin. A dawowa kuma, kafin allon, a zare Suwidin a mayar da karatu. Yawancinsu ma ba duk waƙar suke so ba, busar farkon nan ce. Da ta wuce sai a mayar baya, a sake, a mayar baya, a sake, har bel ya saki.

Bel ɗin ne ya kawo Sale shagonmu, bayan ya zagaya Al-Sih yana kwarara kiran sunan Am Bakur. Na canza masa, Am Bakur ya gwada da mukullai, ya ɗiga jan farce. Washegari sai ga shi ya dawo.

"Am Bakur, rikodar nan ba ta yi ba. A ɗakin kuku busar nan tana huda kunne. A motata kamar an toshe mata baki da tsumma."

Aka sa kaset na gwaji. Mukullai ras, man tuya har ƙamshi.

"Rikodarka lafiyarta lau," in ji Am Bakur.

"To sa waƙar ka ji da kunnenka."

"A nan? A'uzu billahi. Kana maƙwabtaka da Manzo kana ce mini in sa ganga?"

Ya tafi ya dawo, ya sake dawowa, kullum magana ɗaya. A ƙarshe ya dafa teburin ya ce, "Wallahi in ka gyara min busar nan, duk motar Bahaushe da ke hanyar Yanbu'u sai ta tsaya a ƙofar nan." Na kalli Am Bakur, na kalli shagon da ba kowa. Shi ma ya san abin da nake kallo. Ya ce, "Ilu, bi shi, ka ji mene ne, bayan iyaka. Amma sukuruna, ko da ido."

Na zaro rikodar daga gaban mota, na cire murfinta, na ɗora ta a cinya da wayoyinta a haɗe. Mota cike da fasinjan Badar, har da buhunan da za a ɗoro dabino. Muna wuce allon Sale ya zura kaset ɗin. Gaskiyarsa, busar tana nan amma ba rai. Sai motar ta faɗa wani rami, hannuna ya zame, babban yatsana ya danne gefe ɗaya na kaset ɗin. Jama'a! Busar nan ta buɗe kamar an yaye labule. Sale ya yi ihu har motar ta yi tangal-tangal. Na ɗaga yatsa, ta dushe. Na danna, ta buɗe. Fasinja suka ɗauka, "Danna, Ilu, danna!" Haka na je Badar da yatsana a kan kaset, na dawo da shi a kai, wani tsoho a baya yana ba ni dabino a baki don kada in saki. Da muka iso allon iyaka yatsan ya sandare, na kwana biyu ba na iya damtsen tuwo, kuma sunan Ilu Mai Yatsa ya bi ni shekaru.

Amma na gane ciwon, kuma murna ta hana ni zama. Rikodar Sale daidai take. Rikodar Baturen ce kanta a karkace, ta naɗi waƙar a karkace, duk 'ya'yan kaset ɗin kuma suka gaji karkatar. Rikoda mai lafiya ba za ta ji su da kyau ba, sai wadda ta karkace irin ta uwarsu. Na faɗa wa Am Bakur, ya gyaɗa kai ya ce, "Sah." Sale ya ce ai magana ta ƙare, a karkatar masa da nasa kan.

"In na karkatar maka, karatun da kake sawa a gari fa?" in ji Am Bakur. "Sin za ta mutu, sad za ta mutu. In kashe wa mai karatu harafi don 'yan gashi su yi busa? La, wallahi. Ba da sukundirebana ba."

Sale ya fita yana faɗa. Wani sabon shago a wajen Uhudun nan, wanda ba ya tambayar kowa komai, ya shiga murɗe wa direbobi sukuru, layi har titi. Ni ina zaune ina jin labari, ga alhazai sun fara sauka, ga maganar huruj tana matsowa. Har na fara tunanin tsarabar da zan kai wa innata. Na ji haushin tsohon nan a lokacin, ba zan ɓoye muku ba, don ga abinci a ƙofa ya ce ba ya ci.

Ba a daɗe ba sai ga Sale, murya ta yi ƙasa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce ya ɗauko wani dattijo daga Masallaci, ya sa karatu kamar kullum, dattijon ya saurara ya ce, "Ɗana, kashe. Ko mai karatun nan mura yake yi, ko kai ne ba ka girmama shi." Sale ya ce shi kansa ya kasa gane ayar da ake. Kuma ba shi kaɗai ba, rabin motocin hanyar haka suke, a waje busa tana tashi, a gari karatu yana fita ta hanci. Am Bakur ya riƙe gemu yana salati.

Nan na yi ƙarfin hali na ce, "Mu'allim, ciwon ba a rikodojin yake ba, a waƙar yake. A kawo uwar kaset ɗin. A karkatar da rikoda ɗaya tamu ta karanta ta, a haɗa da wata mai lafiya ta naɗa. Sabuwar uwa za ta fito a miƙe. Sai a mayar wa kowa da kansa daidai, ya ji busarsa a waje, ya ji karatunsa a gari." Ya ce wa zai murɗa, na ce ai sukuru naka ne. Ya ce a ina, na ce bayan iyaka. Ya tashi ya tafi sallar la'asar.

Washegari da hantsi na tarar da shi a ƙofar shago da rikodoji biyu naɗe a tawul, da sabon kaset a leda. Ya ce, "Ka shaida, ba waƙa zan je ji ba. Karatu zan je ceto daga hannun mahaukata." Ya ciro auduga ya cusa a kunnen hagu, ya ce wannan kunnen na ibada ne, na daman ne na aiki.

Sale ya baza labari, don haka ba mota ɗaya ta fita ba, jerin gwano aka yi, kai ka ce amarya za a kai. Am Bakur yana gaba ya rungume rikodojin, fuska a murtuke, yana jan carbi. Muka wuce allon, muka yi nisa, muka sauka a inuwar wasu itatuwan dabino a gefen hanya. Na shimfiɗa tabarma, na ja waya daga batirin mota, na haɗa rikodojin baki da baki. Direbobi suka kewaye mu, Sale yana ta "Shiru! Shiru!" alhali shi kaɗai ke magana.

Am Bakur ya kankare jan farcen rikodar farko da farcensa. Ya zaro sukundireban tagulla. Na zura uwar kaset, busa ta tashi a dushe. Ya rufe ido, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya tsaya. Ya ce a mayar baya. Ya sake. Sannan ya buɗe ido ya ce, "Mukullaina na san yadda suke. Wannan abin ban san yadda ya kamata ya yi ba. Kai ne yatsanka ya sha shi har Badar." Ya miƙo mini sukundireban.

Na goge hannuna a riga na karɓa. Ku saurara, ga aikin da Faisal ya ce wasa ne. Ba ka tsayawa a inda sauti ya fara daɗi. Kana ci gaba da murɗawa har ya kai ƙarshen kaifinsa ya fara komawa, sannan ka dawo baya a hankali ka tsaya a tsakiya. Kuma ba busar kake bi ba, tana da ruɗi. Can bayanta akwai wani faranti na ƙarfe da mai ganga ke kaɗawa, siriri, shi ne mukullan waƙar. Na bi shi, na wuce, na dawo. Am Bakur ido a rufe ya ce, "Kaɗan kuma." Na taɓa. Ya ce, "Bas." Ni ma a daidai nan kunnena ya ce bas.

Muka naɗa, ba wanda ya yi tari. Kafin nan Am Bakur ya riga ya mayar da kan rikodar Sale daidai da kaset ɗin mukullai, yana yi yana masa faɗa. Aka zura sabuwar uwa a motar, Sale ya buɗe ƙofofi duka ya ƙure murya. Wayyo Allah! Busar nan ta tashi ta daki duwatsu ta dawo, ganguna suka shigo, tantabaru suka watse daga kan dabino. Manyan mutane masu 'ya'ya suka cire hula suna tsalle. Ɗan Maraɗin nan ya hau kan motarsa yana kaɗa rawani, wani ya kama danna ham ɗin motarsa yana bin busar, sauran suka ɗauka, har wani makiyayi ya tsaya da awakinsa yana kallon ikon Allah. Aka ɗaga ni sama, ina ihu a sauke ni sukundireba na hannuna. Da waƙar ta ƙare Sale ya ce a gwada ɗayan kaset ɗin, na karatu. Am Bakur ya ce rikodar yanzu lafiyayya ce, ya halatta. Aka nutsu, aka sa karatu, kowane harafi ya fito tas. Sale ya share ido da bayan hannu, ya ce duk wanda ya sake kai motarsa wani wuri shi da shi ne.

A hanyar dawowa Suwidin ce a rikoda. Ina baya, ina ganin ƙafar Am Bakur a cikin takalmi, babban yatsan yana ɗagawa yana sauka tare da ganga, carbi kuma yana tafiya a hannu. Audugar kunnen hagun ban san inda ta faɗi ba. Allon iyaka ya ɓullo, waƙar tana tsakiya, Sale ya kai hannu zai zare.

"Wagif," in ji Am Bakur. "Tsaya a gefe."

Sale ya taka birki, duk jerin motocin suka tsaya a bayanmu, taku kaɗan kafin allon.

"Aiki ne," in ji shi, bai kalli kowa ba. "Ba a sallamar kaset sai an ji ƙarshensa."

Muka zauna a bakin iyakar Madina har mawaƙin ya gama kukan sanyinsa. Am Bakur ya zare kaset ɗin da hannunsa, ya mayar da karatu. Sannan ya laluba aljihu, ya juyo ya ajiye mini kwalbar jan farce a tafin hannu. Ya ce, "Gobe motocin nan duka za su zo, ni ba zan iya su ni kaɗai ba. Kai za ka murɗa, kai za ka ɗiga. In za ka taho, ka biya wurin mai hoto, ka zo da hotunanka na iƙama. Ka kuma aske wannan gashin, kada a ɗauka kana cikin 'yan Suwidin."

Na riƙe kwalbar nan da hannu biyu har Al-Sih.

Am Bakur yana kwance a Baƙi'a yanzu, Allah ya jiƙansa, kaset kuma ya bi shi. Sukundireban ga shi nan a aljihuna kusa da asuwaki, ku taɓa da ido. Anas, na ga ka lalubo waƙar a wayarka, kada ka kuskura ka danna a nan, Uhudu cikin harami take. Faisal, rufe dukkan ka ɗauko mukullin motarka. Akwai sauran rana, kuma na san inda allon yake.